Hoton CT da Ciwon Kumburin Hanji: Tambayoyin da Masu Ciwon Suka Fi Yi

Wanda ya daɗe yana fama da gudawa, murɗar ciki da rama, har likitoci suka ce masa ciwon kumburin hanji ne, da wuya ya rasa jin wannan magana wata rana: "Za mu tura ka hoton CT." Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu ciwon da masu jinyarsu. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta. Bayani ne na fahimta. Shawarar abin da za a yi wa kowane mutum tana hannun likitan da ke duba shi.

1. Wane ciwo ne ake kira kumburin hanji mai daɗewa?

Suna ne da ya haɗa cututtuka biyu waɗanda a cikinsu garkuwar jikin mutum ke juyowa ta riƙa yaƙar hanjinsa. Ta farko ita ce cutar Crohn, wadda ta samo suna daga Burrill Crohn, likitan da shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a Amurka a shekarar 1932. Tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji, daidai inda yake haɗuwa da babba. Tsallake-tsallake take yi: nan ciwo, can lafiya, gaba kuma ciwo. Sannan tana cin bangon hanjin duk kaurinsa, daga ciki har waje.

Ta biyu ita ce gyambon babban hanji, wadda za ka ji likitoci na kira kolaitis. Ita daga dubura take farawa ta hau sama ba tare da tsallake ba, kuma yawanci a shimfiɗar cikin hanji take tsayawa, ba ta nutsa. Riƙe wannan bambanci da kyau, domin shi ne dalilin da ya sa CT ya fi amfani ga mai Crohn a kan mai gyambon babban hanji (duba tambaya ta 11).

2. Mene ne CT, kuma ina bambancinsa da eksire?

Haske iri ɗaya suke amfani da shi. Eksire daga gefe guda yake ɗauka, sai ya fitar da inuwar komai a cakuɗe, ƙashi a kan hanji, hanji a kan ƙoda. A CT kuwa, fitilar tana zagaya jiki, kwamfuta kuma ta haɗa abin da ta samu ta fitar da jikin yanka-yanka, kowane yanki siririn gaske, yadda likita zai bi hanji lanƙwasa bayan lanƙwasa. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera na'urar farko, aka fara gwada ta a kan mara lafiya a Landan a 1971, kuma shi da Allan Cormack suka karɓi kyautar Nobel a kanta a 1979.

3. An riga an leƙa hanjina da kyamara. Me kuma CT zai ƙara?

Tiyon kyamarar da ake zurawa ta dubura yana ganin babban hanji duka, sai ɗan guntun ƙarshen ƙaramin hanji. Wanda ake zurawa ta baki kuma yana kaiwa ciki da farkon ƙaramin hanji, nan ya tsaya. Tsakanin waɗannan biyun akwai mitoci na hanji da idon kyamara bai kai ba, kuma Crohn tana iya yin ɓarna a can hankali kwance.

Ko inda kyamarar ta kai, fuskar ciki kawai take gani. Kamar mutum ne a cikin ɗaki yana kallon shafen bango: zai ga tsagewar shafe, amma ba zai san kaurin ginin ko ruwan da ya kwanta a bayansa ba. CT yana nuna kaurin bangon hanji, da kitsen da ke kewaye da shi, da jijiyoyin jini, da duk wata mugunya da ta taru a waje. Ita ma kyamara tana da abin da CT ba shi da shi: da ita ake ganin ƙananan gyambuna, da ita ake ciro ɗan nama a kai awo. Saboda haka ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

4. Likita ya ce yana so ya san ko cutar "ta tashi". Ai ni ne zan faɗa masa, tunda ni nake jin jikina.

Abin da kake ji yana da muhimmanci, amma a cutar Crohn musamman, jin jiki da ainihin kumburin sau da yawa ba sa tafiya tare. Akwai mai jin sauƙi, yana harkokinsa, alhali kumburi na ci a ɓoye yana gina tabo. Akwai kuma mai murɗa da gudawa kullum, a duba a tarar kumburi ya kwanta, ciwon daga wani abu yake, kamar tsohuwar tsukewa ko ruwan madaciya da hanji ya kasa tsotsewa bayan tiyata.

Dalilin damuwa da wannan shi ne magungunan. Masu danne garkuwar jiki suna da ƙarfi kuma suna da illa. Ƙara su ga wanda ba shi da kumburi cutarwa ce, hana su ga wanda kumburi ke cinsa shi ma haka. Shi ya sa likita ke neman shaida: awon jini irin su CRP, awon bayan gida na kalfurotektin, kyamara, da hoto. Gani ya kori ji.

5. Mene ne CT na hanji na musamman? Me ya sa ake ba ni ruwa mai yawa haka?

Hanjin da babu komai a cikinsa a yamutse yake, kamar jakar da aka zazzage, kuma a hoto bangonsa zai yi kama da mai kauri ko da lafiyarsa ƙalau. Don a gan shi sosai sai an buɗe shi. Wannan ne aikin ruwan: ana ba mutum tsakanin lita 1 zuwa lita 1.5, ya sha a hankali cikin minti 45 zuwa 60 kafin a shiga. An haɗa ruwan da wani sinadari da ke hana hanji saurin tsotse shi, da ruwa zalla ne da jiki ya shanye kafin ya kai ƙarshen hanji. Wannan salon shi ake kira enterogirafi.

Ruwan da ake zaɓa ba ya haske a hoto. Ana so cikin hanji ya fito duhu-duhu, bangon kuma ya haskaka da allurar rinin da za a yi ta jijiya, sai bambancin ya fito fili. CT na gama-gari, irin wanda ake yi a ɗakin gaggawa, ba ya jiran duk wannan. Yana kama manyan matsaloli, amma ƙaramin kumburi na iya kuɓuce masa.

Magana ta gaskiya, shan ruwan nan shi ne mafi wahala a duk aikin, kuma ingancin hoton ya dogara da shi ƙwarai. Idan zuciyarka na tashi, ka faɗa wa ma'aikata a sassauta, kada ka zubar da shi a ɓoye. Hoton da hanji bai buɗe ba yana iya sa a maimaita, maimaitawa kuwa ƙarin radiyeshin ne, wato hasken na'urar da ke ratsa jiki (duba tambaya ta 12).

6. Yaya ranar hoton take kasancewa?

Yawanci za a ce kada ka ci komai awa 4 zuwa 6 kafin lokacin. Ka je, ka sha ruwan, a sa maka kanula, wato ɗan siririn tiyon allura da ake sawa a jijiya, a hannu, ka kwanta a kan gadon da ke shiga cikin na'ura mai kamar babban zobe. A buɗe take gaba da baya, ba dogon rami ba ce. Idan rinin ya shiga jijiya za ka ji ɗumi ya ratsa jikinka, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, wasu har su ji kamar fitsari ya kuɓuce musu. Ji ne kawai, kuma yana wucewa nan take. Za a ce ka riƙe numfashi na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Bayan haka a sa rai da gudawa na wasu awoyi saboda ruwan da aka sha, don haka kada a yi nisa da banɗaki, a kuma sha ruwa sosai.

7. Me likitan hoto yake nema don ya ce cutar tana aiki?

Abu na farko kaurin bango. Hanji mai lafiya, idan ya buɗe sosai, bangonsa ba ya kai milimita 3. Daga 3 zuwa 5 ana ɗaukarsa ƙaramin kauri, sama da 5 zuwa 9 matsakaici, 10 ko fiye kuma mai tsanani. Amma kauri shi kaɗai bai isa hujja ba, tunda tsohon tabo ma yana kaurara bango.

Abu na biyu, kuma wanda ya fi nauyi, shi ne yadda bangon ke shan rini. Wurin da ke kumbure jini yana kwarara zuwa gare shi fiye da ƙima, rinin kuma a cikin jini yake tafiya, sai wurin ya fi maƙwabtansa haske. Shi ya sa lokacin ɗaukar hoton yake da ƙa'ida: ana danna na'ura wajen daƙiƙa 45 zuwa 70 bayan fara allurar, lokacin da bangon hanji ya fi cika da rini. Wani lokaci bangon yakan fito hawa-hawa, ciki da haske, tsakiya da duhu saboda ruwan kumburi, waje kuma da haske. Idan duhun tsakiyar nan na kitse ne ba na ruwa ba, to alama ce ta ciwon da ya daɗe, ba lallai mai aiki yanzu ba. A Crohn, sau da yawa gefen hanjin da ke manne da tantanin da ke riƙe shi ya fi ɗaya gefen ciwo, wannan rashin daidaito kuwa yana taimaka wa likita wajen gane cutar.

Na uku gyambo mai zurfi, wanda ke fitowa kamar ɗan tsagi a cikin bango. Ganinsa yana nufin kumburin ya yi tsanani. Daga nan sai likita ya dubi abin da ke wajen hanji, wanda shi ne batun tambaya ta gaba.

8. A takardar sakamakona an ambaci "alamar mataji" da kitse. Me suke nufi?

Ƙananan jijiyoyin jini suna shiga bangon hanji a jere, miƙaƙƙu. Idan wurin ya kumbura sai su cika su yi kauri, a hoto su fito reras kamar haƙoran mataji. Wannan alama ce ta cuta mai aiki. Haka nan kitsen da ke kusa, wanda a ƙa'ida da duhu yake fitowa a hoto, idan ya yi hazo-hazo, kumburin ya fara ƙetare bango ke nan.

Akwai wani kitsen daban, wanda ke yaɗuwa ya naɗe hanjin mai ciwo har ya ture sauran hanji gefe. Shi shaidar daɗewar Crohn ne a wurin. Kaluluwar ciki ma takan ɗan kumbura, abu ne da aka saba gani. Sai idan ta yi girma fiye da ƙima ko tsakiyarta ta ruɓe likita ke fara tunanin wata cutar (tambaya ta 16).

9. An ce hanjina ya tsuke. CT zai iya faɗin ko magani zai buɗe shi, ko sai tiyata?

Tsukewa ita ce wurin da ramin hanji ya ƙuntata, bangon ya yi kauri. Idan hanjin da ke samanta ya kumbura ya wuce santimita 3, alama ce abinci yana wucewa da ƙyar. Tambayarka ita ce ainihin wadda likitoci ke yi wa kansu, domin tsukewar kumburi tana iya sakin jiki da magani, ta tabo kuwa ba ta jin magani, sai dai a buɗa ta da balan-balan ta hanyar kyamara idan gajera ce kuma ana iya kaiwa gare ta, ko a yi tiyata.

CT yana iya cewa akwai kumburi a wurin, ta alamomin tambaya ta 7 da ta 8. Abin da ba ya iyawa shi ne auna yawan tabon da ke ƙarƙashin kumburin, kuma yawancin tsukewar Crohn gauraye ce, akwai wannan akwai wancan. Don haka idan likita ya ce a gwada magani a gani, ba kame-kame yake yi ba; iyakar abin da hoton zai iya faɗa ke nan. Abin da hoton ke bayarwa ba shakka shi ne tsawon tsukewar, adadinta da inda take, kuma da waɗannan likitan tiyata yake tsara aikinsa.

Wani amfanin: akwai kyamara mai kamar kafso da ake haɗiyewa ta ɗauki hoton ƙaramin hanji. Tana iya maƙalewa a tsukewa, don haka inda ake zargin akwai ta, akan fara da hoto tukuna.

10. Yaushe ne CT ya zama na gaggawa?

A nan ne CT ba shi da na biyu. Mai Crohn da ya zo da zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, ciki ya ƙame, ko amai ba tsayawa da rashin fitar bayan gida da tusa, ana bukatar amsa cikin mintoci: hanji ya toshe ne, ya huje ne, ko mugunya ce ta taru? Tunda Crohn tana ratsa bango, takan haƙa rami ta fita. Ramin na iya ƙarewa a ƙurji mai mugunya a cikin ciki, ko ya zarce ya haɗe hanji da wani hanji, da mafitsara, ko da fata, abin da ake kira fistula. Mai ganin kumfar iska ko gurɓataccen abu a fitsari ya gaggauta faɗa wa likita.

Gano ƙurji yana juya magani gaba ɗaya. Ƙara maganin danne garkuwa a kan mugunyar da ba a fitar ba hatsari ne babba. Sai an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, idan kuma ƙurjin ya kai wajen santimita 3 ko fiye, akan zura siririn tiyo ta fata a tsiyaye shi, sau da yawa CT ɗin ne ma ke nuna wa allurar hanya. A irin wannan hali maganar radiyeshin ba ta hana a yi hoto ba.

11. Ni gyambon babban hanji gare ni. Ina bukatar CT?

Ba kasafai ba. Ciwonka a shimfiɗar ciki yake kuma kyamara tana kaiwa ko'ina a babban hanji, ita da awon bayan gida sun fi CT nuna halin da ake ciki. Ƙaramin kumburi ma CT na iya nuna shi kamar lafiya. Ana neman CT idan tashin ya yi tsanani ana tsoron huji, ko kumburar hanji mai hatsari, inda babban hanji ke saki ya buɗe ya wuce santimita 6, ko kuma idan ana shakkar ko Crohn ce ta ɓoye a ƙaramin hanji. Akwai wani salon CT da ake hura iska a babban hanji don neman tsiro; shi ba a yin sa lokacin da hanji ke cikin tsananin kumburi, don gudun hujewa.

12. Radiyeshin ɗin fa? Na ji ana cewa yana jawo kansa.

Ana auna shi da ma'aunin milisiba. CT na ciki da ƙugu na gama-gari yana kaiwa wajen 8 zuwa 10. Kowane ɗan Adam yana samun kusan 2.4 a shekara daga ƙasa, iska da sararin sama, ko bai taɓa shiga asibiti ba. Ke nan hoto ɗaya ya yi daidai da na shekara uku zuwa huɗu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙiyasta cewa milisiba 10 na iya ƙara hatsarin kansa mai kisa da kusan 1 cikin 2000. Ga hoto ɗaya da ake bukata, wannan ƙarami ne.

Matsalar mai Crohn ita ce taruwa. Cutar ta fi kama mutum yana matashi, kuma zai rayu da ita shekaru da yawa. Duk tashin ciwo a je gaggawa, duk zuwa a yi CT, wani lokaci a asibitoci daban-daban da ba su san abin da ɗayan ya yi ba. Jikin yaro da matashi kuma ya fi na dattijo jin illar radiyeshin. Sababbin na'urori suna iya rage adadin zuwa rabi ko ƙasa da haka ba tare da hoton ya lalace ba, amma ragewar da ta fi ita ce barin hoton da ba a bukata.

Shawarata ga kowane mai wannan ciwo: ka riƙe lissafin CT nawa aka yi maka da ranakunsu, ka nuna wa duk sabon likita. Kuma ba rashin ladabi ba ne ka tambaya, "Likita, wace tambaya hoton nan zai amsa, kuma zai canza maganina?" Idan amsar e ce, a yi shi da zuciya ɗaya.

13. To me ya sa ba za a yi MRI ko sikanin ba kawai?

Sau da yawa su ɗin ne ya kamata a yi. MRI hoto ne da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu. MRI na hanji ba shi da radiyeshin ko kaɗan, kuma wajen gano kumburin ƙaramin hanji shi da CT kusan kunnen doki suke. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin hanji suka fi son sa ga yara, matasa, da duk wanda za a riƙa bibiya. Ga fistular gefen dubura kuwa, MRI ya yi wa CT nisa. Sikanin, wanda ake shafa wa ciki mai a goga, shi ma ba shi da radiyeshin, kuma a hannun ƙwararre yana aiki ƙwarai. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2018 ya nuna MRI ya gano kasancewar Crohn a ƙaramin hanji a kashi 97 cikin 100 na masu ita, sikanin kuma a kashi 92.

Sai dai MRI yana cin minti 30 zuwa 45 a cikin dogon rami mai ƙara, ana ta riƙe numfashi. Motsi kaɗan yana ɓata shi. Mai tsananin ciwo, mai tsoron ƙunci, da mai wasu ƙarafa ko na'urori a jiki na iya kasa yin sa, kuma ba ko'ina ake samunsa da wuri ba. Sikanin kuma iskar hanji da ƙiba suna tare masa gani, lungunan ƙugu ma suna yi masa wuya. CT cikin daƙiƙoƙi yake gamawa, kuma ya fi su nuna iskar da ta fita daga hujajjen hanji.

14. Allurar rinin tana lalata ƙoda?

Rinin yana ɗauke da aidin kuma ta ƙoda yake fita. Ga mai lafiyayyar ƙoda hatsarin kaɗan ne ƙwarai. Hankali ya fi karkata ga wanda awon aikin ƙodarsa ya sauka ƙasa da 30, ko wanda ƙodarsa ta samu matsala kwanan nan. Mai gudawa sosai jikinsa yakan bushe, don haka a gyara ruwan jiki kafin hoto. Mai ciwon sukari da ke shan metformin ya faɗa, domin idan ƙoda tana da rauni akan dakatar da shi awa 48.

Wasu jikinsu yana ƙin rinin: ƙaiƙayi, borin jini, a nadiran kuma sarƙewar numfashi. Wanda hakan ta taɓa samunsa ya faɗa tun kafin a sa kanula, haka mai asma da mai ciwon maƙoƙo mai yawan aiki.

15. Ina da juna biyu. Wata kuma ta ce tana shayarwa.

Idan kina da ciki, ko kina zaton akwai, ki faɗa kafin komai. Sikanin ake fara yi, sannan MRI ba tare da allurar rini ba. Ana ajiye CT sai inda rayuwarki ke cikin hatsari kuma babu wata hanyar samun amsa da sauri. Mai shayarwa kuwa ba ta da damuwa: ƙasa da kashi 1 cikin 100 na rinin ke shiga nono, abin da hanjin jariri zai tsotsa daga ciki kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na wannan ba, don haka ba sai an dakatar da shayarwa ba.

16. CT shi kaɗai zai iya tabbatar da cewa Crohn ce?

A'a. Kama da wane ba ta wane. Kaurin bango da shan rini harshen kumburi ne, ko mene ne ya jawo shi. Ƙwayoyin cutar gudawa, atini, yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, ƙarancin jinin da ke zuwa hanji, da kansar kaluluwa duk suna iya fitowa kamar Crohn.

Wanda ya fi kowa rikita likitoci shi ne tarin fuka na hanji, domin shi ma mahaɗar ƙaramin hanji da babba yake so, da zazzaɓi da rama iri ɗaya. A hoto, kaluluwa mai ruɓaɓɓiyar tsakiya, ruwa a ciki, da gajeren wurin ciwo sun fi nuni ga tarin fuka. Dogon wuri, tsallake-tsallake da alamar mataji sun fi nuni ga Crohn. Amma nuni ne kawai. Kuskure a nan yana da tsada, tunda magungunan Crohn irin su prednisolone, infliximab da adalimumab suna iya sakar wa tarin fuka mara ya bazu a jiki. Don haka ake haɗa hoto da awon nama, hoton ƙirji da gwajin tarin fuka kafin a fara su.

17. Sakamako ya ce babu kumburi, amma ni ina cikin ciwo. Ana nufin ƙarya nake yi?

Ko kusa. CT ba ya ganin ƙananan gyambunan saman shimfiɗar hanji, kuma idan hanji bai buɗe sosai ba (tambaya ta 5), musamman sashensa na sama, abu na iya ɓuya. Idan kalfurotektin ya hau amma hoto bai nuna komai ba, likita zai iya komawa ga kyamara. Idan kuma duk awon sun nuna kumburi ya kwanta, sai a nemi sauran dalilan da aka ambata a tambaya ta 4, da irin su yawaitar ƙwayoyin cuta a ƙaramin hanji ko hanjin da jijiyoyinsa suka zama masu saurin jin zafi. Kowannensu yana da nasa magani, kuma ba ƙarin maganin danne garkuwa ba ne.

18. Bayan na fara magani, za a sake hoto a ga ko yana aiki?

Akan so a duba bayan wasu watanni, amma ba lallai da CT ba. Ana fara bin jini da bayan gida, sannan kyamara, MRI ko sikanin. Idan magani ya karɓa, hasken bango yana raguwa, alamar mataji ta ɓace, kauri ya sauka, tsawon wurin ciwo ya gajarta. Waɗanda hotonsu ya gyaru haka sun fi samun sauƙin kwanciya asibiti da tiyata nan gaba. Duk da haka, a shawarwarin ƙwararru na duniya da aka sabunta a 2021, babban abin da ake nufa shi ne warkewar shimfiɗar hanji da kyamara ke gani; warkewar bango duka a hoto ƙarin alheri ce. Tsohuwar tsukewa da kitsen da ya naɗe hanji suna iya zama yadda suke ko da magani yana aiki.

19. Takardar ta ambaci ƙoda, madaciya da ƙashin baya. Ina ruwansu da hanji?

CT duk cikin yake ɗauka, kuma wannan ciwo ba a hanji kaɗai yake tsayawa ba. Mai Crohn a ƙarshen ƙaramin hanji, ko wanda aka yanke masa wurin, ya fi saurin samun tsakuwar madaciya da ta ƙoda. Gaɓar da ta haɗa ƙashin baya da ƙugu takan kumbura, wanda ke bayyana ciwon bayan da ya fi tsanani da asuba. Hanyoyin madaciya a hanta suna iya tsukewa, an fi ganin haka ga masu gyambon babban hanji. Lokacin tashin ciwo jini yana saurin daskarewa, har a jijiyoyin ciki. Wanda ya daɗe yana shan prednisolone kuma wani lokaci akan ga kan ƙashin cinyarsa ya fara lalacewa. Wasu abubuwan kuwa, kamar ƙaramar jakar ruwa a ƙoda ko hanta, ana samunsu a jikin mutane da yawa kuma ba su da wata illa. Likita zai ware maka wanda ke bukatar bibiya.

20. Me zan riƙe idan zan koma ganin likita?

Takardar sakamako da hotunan kansu, a faifai ko duk yadda aka ba ka, har da na shekarun baya. Likitan hoto ya fi gane ko ciwo yana gaba ko baya idan ya jera sabo kusa da tsoho, kuma takarda kaɗai ba ta ba shi wannan. Ka haɗa da bayanin duk tiyatar da aka taɓa yi maka, domin hanjin da aka yanke aka ɗinke yana canza kama a hoto, da sunayen magungunan da kake sha a ranar da aka ɗauke shi.